Bidiyon Molekul Da Ake Kunnawa Ta Baya: Me Ya Sa Ido Ba Ya Ganewa, Kuma Yaya Za Ka Kauce Wa Ruɗi?

Duk wanda ya daɗe yana wasa da CapCut ko TikTok ya san wannan dabarar. Ka ɗauki bidiyon ƙaninka yana dirowa daga katanga, ka danna maɓallin juyawa, sai ga yaro ya tashi daga ƙasa ya haye katanga kamar tsuntsu. Ko ka je teburin mai shayi a Sabon Birni, can ƙaramar hukumar Gwarzo, ka ɗauke shi yana tsiyaya madara a kofi, ka juya faifan: madarar za ta tattaru daga cikin shayin, ta miƙe sama, ta koma gwangwani. Ko yaro ɗan firamare ka nuna wa, dariya zai yi ya ce ta baya aka kunna.

Dabarar ma ta girmi kakanninmu. Tun a 1896 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Auguste da Louis Lumière, suke nuna fim ɗin ma'aikata suna rushe katanga, sannan su juya shi 'yan kallo su ga katangar ta tashi daga ƙura ta tsaya cak.

To amma akwai wani irin bidiyo da ko ƙwararren masani ka ba shi, sau da yawa ba zai iya gaya maka ta gaba aka kunna ko ta baya ba. Shi ne bidiyon motsin molekul, wato ƙananan ƙwayoyin da ruwa, magani, jini da duk wani abu suka ginu da su. A yau za mu duba yadda ake haɗa irin wannan bidiyo, abin da maɓallin baya yake yi a manhajojin kallonsa, da kuma inda ake iya ruɗin mutum da shi, musamman a tallan magani da ke yawo a WhatsApp da Facebook.

Ina ake samo bidiyon?

Da farko mai karatu ya sani cewa wannan bidiyo ba kyamara ce ke ɗaukarsa ba. Kwamfuta ce ke lissafa shi. Ana ba ta wurin da kowane atam yake, da gudunsa da alkiblar da ya nufa, da ƙa'idar yadda atam ke jan ɗan'uwansa ko ya ture shi. Daga nan sai ta yi amfani da dokokin motsi na Isaac Newton ta gano inda kowannensu zai kasance bayan ɗan ƙanƙanin lokaci. Ta sake lissafi, ta sake matsar da su, haka dai har sau miliyoyi.

Wannan ɗan lokacin ƙanƙani ne ƙwarai. Yawanci femtosakan 1 ne ko 2. Idan ka raba sakan ɗaya gida miliyan dubu, ka sake raba kashi ɗaya gida miliyan, abin da ya fito shi ne femtosakan. Dalilin wannan takun hawainiya shi ne atam ɗin haidurojin da ke jikin ruwa yana karkarwa sau ɗaya cikin kimanin femtosakan 10, don haka in kwamfuta ta yi dogon taku, lissafin zai watse.

Mu yi ɗan lissafi. Kafin a kwaikwayi kashi ɗaya cikin miliyan na sakan da taku mai femtosakan 2, sai an yi taku miliyan 500. Ba a adana duka, don babu ma'adanar da za ta ɗauka. Idan ana adana hoto ɗaya bayan kowane taku 5,000, za a samu hotuna 100,000. Ka jera su kamar fim, hoto 30 a sakan, za ka shafe kusan minti 55 kana kallon abin da a zahiri ya faru kafin ƙiftawar ido ta ma fara. Wannan jerin hotunan shi masana ke kira tirajektori, mu kuma za mu kira shi sawun motsi.

Sana'ar ta yi nisa. A 1957 Berni Alder da Thomas Wainwright suka fara da ƙwallaye masu tauri a ɗakin bincike na Livermore da ke Amurka. A 1964 Aneesur Rahman, ɗan asalin Haidarabad ta Indiya, ya kwaikwayi atam 864 na iskar argon da aka mayar ruwa. A 1977 Andrew McCammon, Bruce Gelin da Martin Karplus suka fitar da sawun motsin furotin na farko, wani ɗan ƙarami mai suna BPTI, kuma tsawonsa bai kai fikosakan 10 ba, wato femtosakan 10,000. Zuwa 2010 wata kwamfuta ta musamman mai suna Anton, ta kamfanin D. E. Shaw Research da ke Niyok, ta bi wannan furotin ɗin har kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ninki kusan miliyan 100 ke nan. A 2013 Karplus, Michael Levitt da Arieh Warshel suka karɓi kyautar Nobel a kimiyyar sinadarai saboda aikin kwaikwayon molekul a kwamfuta.

Abin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. Duk wanda ya taso daga Gwarzo ko Kabo zai shiga birnin Kano, sai ya wuce ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo. Ɗalibin da ya shiga irin wannan jami'a ya karanta kimiyyar sinadarai, haɗa magunguna ko sinadaran jikin ɗan'adam, zai iya cin karo da waɗannan manhajoji tun kafin ya gama digirin farko. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma, malamai da ɗaliban sashen sinadarai sun wallafa takardu masu yawa kan gwada magunguna a kwamfuta.

Abin da maɓallin baya yake yi

Manhajar da aka fi sani wajen kallon sawun motsi ita ce VMD, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Illinois ta Amurka a tsakiyar shekarun 1990. A ƙasan babbar tagarta akwai maɓallai irin na rediyon kaset: kibiya mai kallon dama ta gaba ce, mai kallon hagu ta baya ce. Akwai kuma zaɓi uku: Once, a kunna sau ɗaya, Loop, a yi ta maimaitawa, da Rock, a je ƙarshe a dawo farko, a sake komawa. Mai son rubuta umarni sai ya rubuta animate reverse.

A PyMOL, wadda marigayi Warren DeLano ya ƙirƙira, kai ne za ka tsara jerin hotunan da umarnin mset. In kana da hotuna 100, ka rubuta mset 100 -1, manhajar za ta fara daga na 100 ta gangaro zuwa na 1. ChimeraX ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ita ma tana da nata umarnin, coordset, da sandar ja gaba ko baya.

Ga inda ya kamata a lura. Duk waɗannan manhajoji ba sa sake lissafin komai idan ka danna baya. Littafin hotuna kawai suke buɗewa daga shafin ƙarshe. Hasali ma fayilolin da aka fi amfani da su, irin su DCD da XTC, wurin da atam yake kawai suke adanawa, ba sa adana gudunsa. Saboda haka juya sawun motsi a VMD daidai yake da juya bidiyon ƙaninka a CapCut. Bambancin yana ga abin da idonka zai gani.

Me ya sa ido ba ya ganewa?

Ka ɗauki bidiyon ƙwallaye biyu na sunuka suna karo a kan tebur, ka yanke sanda da hannun ɗan wasa, ka bar daidai lokacin karon. Ka juya shi. Zai yi wuya wani ya ce ga na gaskiya, domin duka biyun abu ne da zai iya faruwa. Dokokin Newton ba su san jiya da gobe ba. In wani motsi ya halatta a lissafinsu, kishiyarsa ma ya halatta, muddin aka juya alkiblar kowane abu.

Molekul kuwa sun fi ƙwallon sunuka biyayya ga wannan doka, tunda babu ƙyallen tebur da zai rage musu gudu. Ka kalli sawun motsin molekul ɗin ruwa guda 500 a cikin akwatin kwamfuta: suna karkarwa, suna juyi, suna kama juna suna saki cikin kimanin fikosakan 1. Ka danna baya, abin da za ka gani ke nan: karkarwa, juyi, kamu da saki. Babu alama ko ɗaya.

To me ya sa madarar mai shayi ba ta komawa gwangwani, alhali ita ma molekul ce? Wannan tambayar ta haɗa abokai biyu gardama a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A 1872 Ludwig Boltzmann ya fitar da lissafin da ke nuna cewa abubuwa kullum suna tafiya ne daga tsari zuwa cakuɗa. A 1876 Josef Loschmidt ya ce masa, in dai daga dokokin Newton ka samo wannan, to a juya alkiblar kowane molekul mana, ai komai zai koma inda ya fito. Amsar da Boltzmann ya tsaya a kai ita ce: komawar ba haramun ba ce, yiwuwarta ce ta yi ƙanƙanta.

Mu gwada da lamba. Ka sa molekul a akwati suna yawo, ka tambaya: sau nawa za a same su duka a ɓangaren hagu? In guda 2 ne, sau 1 cikin 4. In guda 10 ne, sau 1 cikin 1,024. In 20 ne, sau 1 cikin 1,048,576. In suka kai 100, sau 1 ne cikin lamba mai sifili 30 a bayanta. Ko da kana leƙa akwatin sau ɗaya kowane sakan na tsawon shekara biliyan 13, ba ka ko kama hanyar ganinsa ba. Kofin shayi mai mililita 250 kuwa yana ɗauke da molekul ɗin ruwa kimanin 8 mai sifili 24 a bayanta.

Shi ya sa marinan Ƙofar Mata a Kano ba su taɓa ganin baba ya fita daga ruwan karofi ya koma ƙulli ba. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, to cakuɗar molekul ma haka take idan sun yi yawa. In kaɗan ne kuwa, bunun yana iya komawa jinka, kuma a nan ido ke rasa madafa.

An gwada juyawar gaske

Loschmidt bai da hanyar juya molekul da hannu, amma kwamfuta tana da ita: sai a tsayar da lissafi, a sa alamar ragi a gaban gudun kowane atam, a ce ta ci gaba. Wannan shi ne juyawar gaske, saɓanin karanta hotuna daga ƙarshe.

A 1967 masana biyu a Burasels ta Beljiyam, John Orban da André Bellemans, suka gwada haka da ƙananan faifai masu karo da juna a kwamfuta. Suka jera su cikin tsari, suka bar su suka cakuɗa, sannan suka juya gudunsu. Faifan suka kama hanyar komawa tsarinsu na farko, kamar yadda Loschmidt ya faɗa. Amma da aka bar su suka daɗe suna karo kafin a juya, ko aka sa ɗan kuskure kaɗan a lambobin, sai komawar ta lalace.

Dalilin yana da sauƙi. Kwamfuta ba ta riƙe lamba har ƙarshenta, tana datse wutsiyar, kamar mai shago da ya ce babu canjin naira biyu. Wannan ɗan kuskuren yana sauya kusurwar karo ɗaya kaɗan, karo na gaba ya ninka shi, na gaba ya sake ninkawa. A cikin ruwa, 'yan fikosakan kaɗan sun isa hanya ta ɓace gaba ɗaya. Sai a 1993 Dominique Levesque da Loup Verlet a Faransa suka nuna cewa in aka yi lissafin da cikakkun lambobi marasa wutsiya, ana iya komawa daidai inda aka faro ba tare da kuskure ba. Ban da wannan, yawancin kwaikwayon yau ana sa musu wani tsarin daidaita zafi, kuma wasu daga cikin tsarukan, kamar na Langevin, suna yi wa atam turin caca a kowane taku. Wanda aka yi da irin wannan ba ya komawa ta sawunsa ko an juya gudun.

Inda ruɗin yake shigowa

Yanzu mu zo kan abin da ya shafi aljihunka da lafiyarka. Ka taɓa ganin bidiyon da ɗan ƙaramin molekul na magani yake tahowa daga nesa, ya nufi wani babban furotin kai tsaye, ya shige gurbinsa ya zauna daram kamar makulli a kwaɗo? Yana da kyan kallo, amma a tambayi yadda aka yi shi.

A zahiri magani ba ya sanin inda za shi. Yawo yake yi kamar baƙo a kasuwar Kurmi, ya leƙa nan ya leƙa can, ya manne a inda ba nasa ba ya sake saki. Sai a 2011 ƙungiyar D. E. Shaw ta wallafa kwaikwayon da maganin kansa mai suna dasatinib ya lalubo gurbinsa a jikin furotin Src da kansa, ba wanda ya ja shi, kuma sai da ya yi ta gararamba kafin ya dace. Irin wannan aiki yana cin kwamfuta ƙwarai.

Hanya mai araha ita ce a fara da maganin yana zaune a gurbin, a ɗaura masa igiya ta lissafi a fizgo shi waje da ƙarfi. Wannan halastacciyar dabara ce da masana ke amfani da ita don auna ƙarfin riƙo. Amma in aka juya bidiyon, sai ya zama kamar maganin ne ya taho da kansa ya shiga. Haka nan ana iya zuga wa furotin zafi a kwamfuta har ya warware, a juya faifan, a ga zare ya naɗe kansa tsaf. Masana irin su Valerie Daggett da Alan Fersht sun yi amfani da warwarewar furotin don fahimtar naɗewarsa, amma sun faɗi abin da suka yi, kuma sun gwada sakamakon da na ɗakin gwaji. Laifin yana ga wanda ya juya bai faɗa ba.

Akwai kuma bidiyon da ba shi da lokaci ko kaɗan. Ana ɗaukar siffofi biyu na furotin ɗaya, a ce wa manhaja ta cike tsakaninsu da hotunan ƙirƙira don ido ya ga sauyin a hankali. Wannan zane ne na koyarwa, gabansa da bayansa duk ɗaya ne, kuma ba hujja ba ne cewa ta wannan hanyar furotin ke bi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan cuta, kuma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinotayif. Asalin cutar a molekul yake. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane, kuma a tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano cewa amino asid ɗaya tak ne ya sauya. A gurbi na 6 na sarƙar bita, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Idan oksijin ya yi ƙaranci, wannan wurin yana manne wa maƙwabcinsa, molekul su jeru su zama dogayen sanduna, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

Idan oksijin ya dawo, sandunan suna narkewa, ƙwayoyi da yawa su koma siffarsu ta faifai, sai dai waɗanda maimaita lanƙwasa ta riga ta lalata. Ka ga ke nan wanda ya turo maka bidiyon ƙwayar jini mai siffar lauje tana komawa daidai, ya ce aikin garin maganinsa ne, abu uku ne ke iya faruwa: ko an juya faifan, ko oksijin aka mayar wa jinin, ko zane ne kawai. Babu ɗaya a ciki da ke nuna an warke, domin sauyin yana cikin ƙwayar gado, kuma bidiyo ba ya taɓa shi. Kada mara lafiya ya bar maganin da likita ya ɗora shi a kai saboda faifan minti ɗaya.

Inda baya take da amfani

Kada mai karatu ya ɗauka maɓallin baya na 'yan damfara ne. Mai bincike yana amfani da shi kullum, kamar yadda alƙalin wasa ke komawa baya a na'urar VAR. In ka ga magani ya fice daga gurbinsa a hoto na 800, sai ka ja baya a hankali ka ga wane haɗi ne ya fara tsinkewa, wane molekul na ruwa ne ya kutsa tsakani. Zaɓin Rock kuwa yana hana bidiyo yin tsalle daga ƙarshe zuwa farko, shi ya sa masu gabatar da lacca ke son sa.

Akwai ma gwaji mai sauƙi da ɗalibai za su riƙe. In ka kunna sawun motsinka gaba da baya ka kasa bambancewa, alama ce mai kyau cewa tsarin ya natsu. In kuwa kana iya ganewa, furotin yana ta kumbura ko yana ta tsukewa ta gefe guda, to bai gama zama ba, kada ka yi gaggawar ɗaukar ma'auni.

Wani lokaci alkiblar ita ce labarin gaba ɗaya. A jikinmu akwai wani ɗan inji na furotin mai juyawa kamar fanka, wanda ke ƙera ATP, sinadarin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke ƙonawa su yi aiki. A 1997 masana a Japan, cikinsu har da Hiroyuki Noji da Kazuhiko Kinosita, suka ga wani ɓangare nasa yana juyawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma yayin da yake ƙona ATP. A 2004 aka manna masa ɗan maganaɗisu, aka tilasta shi juyawa ta ɗaya gefen, sai ya koma ƙera ATP. Wanda ya juya bidiyon wannan inji bai faɗa ba, ya mayar da mai cin mai ya zama matatar mai.

Haka kuma a 1999 Gavin Crooks ya fitar da ƙa'idar da ke kwatanta tafiya gaba da tafiya baya a ƙananan abubuwa. A 2005 ƙungiyar Carlos Bustamante a Berkeley ta gwada ta a zahiri: suka kama zaren RNA guda da hasken leza, suka ja ya warware, suka sassauta ya naɗe, suka maimaita sau da yawa. Daga kwatanta aikin da aka yi a zuwa da na dawowa suka fitar da ƙarfin da ke riƙe da naɗin.

Ko wayarka ta ci gajiyar wannan tunani. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto daga rubutu, irin su Stable Diffusion, sun samo tushe daga aikin da Jascha Sohl-Dickstein da abokansa suka wallafa a 2015. Ana ɗaukar hoto a yi ta zuba masa ɗigo-ɗigo har ya zama kamar allon talabijin da babu tasha, sannan a koya wa kwamfuta bin hanyar ta baya. Wato an koya mata fitar da madara daga shayi, amma a duniyar lambobi.

Gwada a wayarka

Ba sai kana da babbar kwamfuta ba. Rumbun siffofin furotin na duniya, Protein Data Bank, wanda aka buɗe a 1971 da siffofi 7, yanzu yana ɗauke da sama da 200,000, kuma kyauta ne. Ka buɗe burauzarka ka shiga rcsb.org. A wurin bincike ka rubuta 4HHB, za ka ga himogulobin na ɗan'adam, ka juya shi da yatsa ta manhajar Mol* da ke aiki a cikin shafin. Ka rubuta 2HBS ka ga na sikila. Sannan ka gwada 1L2Y, ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 20 da aka adana da siffofi 38. A saman hoton akwai kibiyoyin zuwa siffa ta gaba ko ta baya, da maɓallin kunna su a jere.

Ka kunna ta gaba, ka kunna ta baya, ka ga ko za ka bambance. Ba za ka iya ba, kuma dalilin a nan daban ne: waɗannan siffofi 38 ba jerin lokaci ba ne, amsoshi ne daban-daban da duk suka dace da ma'aunin ɗakin gwaji. In data ta yi maka ƙaranci, ka fara da wannan ƙaramin, ya fi sauƙin buɗewa.

Daga yau, duk bidiyon molekul da aka turo maka, ka yi masa tambayoyi huɗu. Wa ya yi shi, kuma a wace jami'a ko mujalla aka wallafa? Lissafin kwamfuta ne, zanen mai zane ne, ko hoton madubin ƙara girma? Akwai agogo a gefen allon, kuma lambobinsa hawa suke yi ko sauka? Sannan motsin yana da karkarwa da gararamba, ko kuwa komai yana tafiya santsi kai tsaye inda ake so ya je? Molekul na gaske ba sa tafiya kamar sojoji a fareti. In ka ga sun yi, to akwai hannun mutum a ciki.

Mun saba cewa gani ya kori ji. A bidiyon ƙaninka da katanga, maganar tana nan daram, domin idonka ya san yadda mutum ke faɗowa. A duniyar molekul idonka baƙo ne, bai san gabas ba bai san yamma ba. Saboda haka kafin ka tura wa rukunin gidanku, ko ka ciro kuɗi ka sayi abin da ake tallatawa, ka nemi sanin ta ina aka kunna faifan. In maganar magani ce, ka kai ta gaban likita ko mai haɗa magunguna.